Albasar da Ba Ta Taɓa Ƙasa Ba

Illela, cikin watan Azumin Tsofaffi

Da sunan Allah Mai rahama. Takarda daga hannun Hindatu 'yar Malam Maharazu zuwa ga ƙanenta Attahiru, duk inda aikin hanyar jirgin ƙasa ya kai shi. Gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyarka da ta waɗanda kuke tare. Mu nan sai godiya, ruwa ya sauka, gero ya kai gwiwa a gonakin mutane.

Tawa lafiyar ba zan ɓoye maka ba. Kurkunu ya fito mini a gwiwar hagu tun farkon damina. Ana naɗe shi a tsinke kaɗan kaɗan sai ya tsinke a ciki, ƙafar ta kumbura kamar turmi. Kumburin ya sauka, amma gwiwar ta ƙage, daga gado zuwa bakin ƙofa da jan gindi nake zuwa. Jamilatu ta gidan bayanmu ke ɗebo mini ruwa, ta tuƙa mini tuwo in ta gama nata. Tun da maigidana ya rasu na dawo gidan nan, ga Baba shi ma ya bi shi, ba mai ko tari a cikinsa sai ni. Wani lokaci nakan yi wa randa magana.

Ga dalilin takardar. Ka san tun da Nasara suka kafa ginshiƙansu na iyaka tsakaninmu da Ƙonni, lambun Baba ya faɗa wajen Faransa, gida ya tsaya wajen Ingilishi. Maccido ɗan baffanmu, da yake can yake zaune, muka ba shi aronsa har ka dawo. To, shekaranjiya ya zo, ya tsaya daga zaure, ko ƙafar bai tambaya ba. Ya ce, "Hindatu, lambun ga ba ya zama haka nan. Mai gari ya ce wanda ka noman wuri shi ad da shi. In Attahiru bai taho ba kahin dashen albasa, ku bar min shi baki ɗai in san nawa na."

Na ce masa Attahiru na nan tafe. Na faɗa da ƙarfi har Jamilatu ta ji daga gidanta. Kada ka sa ni ƙarya, ni na goye ka. Ka aiko mini da lokacin zuwanka ta hannun badukun nan mai kai jar fata Kano, shi zai kawo maka wannan. Allah ya tsare. Wasalam.

*

Kusa da Zariya, cikin Azumi

Daga Attahiru zuwa ga yayarsa Hindatu. Ina gaishe ki gaisuwar girma, ina yi miki sannu da jiki da barka da shan ruwa. Allah ya sa ciwon ya zama kaffara. Ni lafiya lau, sai ciwon baya da ba a rasa ba.

Yaya, takardarki ta sa na kasa cin abincin buɗa-baki. Ina nan ina sa mutane ɗaukar ƙasa a kwando suna zuba wa ƙarfe, ke kuma kina can ba ki da ko tafin hannu na ƙasa da za ki shuka abin miya. Tsakar gidanmu fako ne, na sani, ga awakin unguwa. Me kike zubawa a tukunya? Kuka kullum? Ke da ba ki cin tuwo sai da ganye.

Nan ba daɗi, kada ki ji an ce ni ne kan mutane ki ɗauka wani abu ne. A rukunina akwai Gwari da Nufawa da wasu da ban san ma sunan yarensu ba. In an tashi aiki kowa ya nemi nasa, ni in zauna ina kallon ƙarfen da muka shimfiɗa. Akwai 'yan Ƙonni biyu, su ne nake jin maganar gida a bakinsu.

An ce da rani hanya za ta isa Kano, aiki ya ƙare. Wani Bature yana neman mu bi shi tudun Bauci haƙar kuza, har ya kira ni da kansa, ya ce zai sa ni kan mutane da yawa. Na ce masa ina da ƙasa a gida, ina da 'yar'uwa. Ba don ke da ƙasar Baba ba, da na bi shi, don ban tara abin da zan shigo gari da shi ba kunya ba. Amma ki gaya wa Maccido ina zuwa bayan Babbar Sallah, in Allah ya so, ko da dashe ya ɗan wuce. Ki gai da Jamilatu, Allah ya saka mata. Wasalam.

*

Illela, bayan Ƙaramar Sallah

Zuwa ga Attahiru, daga yayarsa. Barka da Sallah, da fatan ciwon bayan ya saki. Ƙafata tana nan yadda take, sai dai yanzu ina dafa bango in miƙe. Na ji daɗin takardarka, na karanta wa Jamilatu wurin da ka ce kana zuwa, ta yi guɗa.

Ka tambayi me nake zubawa a tukunya. Zauna ka ji abin dariya. Ka san kaskon da ke ƙarƙashin randa yana tare ɗigo? Wata albasa ta gangara daga kwando ta faɗa ciki, ban gani ba. Ranar da na ja jiki zan zubar da ruwan, sai na tarar ta fitar da saiwa fara fat kamar gemun liman, ga lawashi ya tsiro sama. Ba wanda ya shuka ta, ba ta taɓa ƙasa ba. Na zauna ina kallonta har aka kira la'asar.

Tun da ba ni da aikin yi sai ƙirga azara, na ce bari in gwada. Da farko na nutsar da 'yan albasa cikin ƙwarya, suka ruɓe, ɗakin ya yi wari har Jamilatu ta ƙi shiga. Ashe gindin kawai ake so ya taɓa ruwa. Sai na huda tsohon faifai, na ɗora a bakin ƙwarya, na zaunar da kowace albasa a huda. Suka yi. Bayan ɗan lokaci ganyen ya fara fari, na ce yunwa ce, ruwa zalla ba ya riƙe kowa. Na zuba toka, na cika hannu, suka mutu a kwana ɗaya. Na yi kuka, kada ka yi mini dariya. Yanzu na san ma'auni: toka abin da yatsu uku suka ɗauka, kashin awaki kuma a ƙulle a tsumma a jiƙa daban, a tace, a sirka har ya yi kalar ruwan tsamiya marar kauri. Gawayi ɗaya a ciki yana hana wari. Da ruwan ya fara yauƙi sai a canza.

Na sa reshen dankali a wuyan fasasshen tulu, ya bi bango har ya kama azara, ganyensa muke miya da shi. Alayyafo ya fi wuya, sai da na cika ƙwarya mai huji da tsakuwa da gawayi, na zaunar da ita cikin wata mai ruwa, na barbaɗa irin a kai. Da safe ina tura su bakin ƙofa su sha rana, da rana ta yi zafi in jawo su. Akuya ba ta isa ba, fara ba ta gani ba.

Jamilatu ta tsaya ta riƙe haɓa ta ce, "Hindatu, mi kinka yi ma albasag ga? Ko dai kin gama baki da mutanen ɓoye?" Na ce in aljanu ne, to suna son kashin awaki. Yanzu ita ke zuwa roƙon lawashi. Matan unguwa suna leƙowa kallo, ɗakin da ba mai shiga ya sami baƙi. Amma in sun tafi shiru ya fi na da. Ka zo ka gani da idonka, Attahiru, na ƙosa. Lambu yana jiranka, na aika wa Maccido maganarka, bai ji daɗi ba, ko a jikina.

Saboda haka ka daina tayar da hankalinka a kaina kan maganar ƙasa. Ba na buƙatarta. Na sami abin da ya fi ta sauƙi, ina ci har ina ba maƙwabta. Ka yi aikinka da kwanciyar rai. Allah ya yi maka albarka. Wasalam.

*

Tsakanin Zariya da Kano, kwanakin Babbar Sallah

Daga Attahiru zuwa ga Yaya Hindatu. Gaisuwa da barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fatan ƙafa ta ƙara sauƙi. Ni ina nan ƙalau.

Takardarki ta iso, amma ta sha wuya. Baduku ya ce jakinsa ya zame a mashigin gulbi, ruwa ya shiga jaka. Kin san tawadarmu, da ta ga ruwa sai ta bi shi kamar an wanke allo. Tsakiyar duk ta tafi, baƙi ne kawai shafe. Abin da ya tsira gaisuwa ce daga sama, sai layukan ƙarshe. Na gode Allah da ya bar mini su, don su ne maganar.

Ba zan ɓoye miki ba, da na karanta "ba na buƙatarta" raina ya sosu. Ƙasar da Baba ya haƙa wa rijiya da hannunsa. Daga baya na yi tunani, na ce Yaya ta fi ni hankali. Wuri yana wajen Faransa, haraji biyu, ga Maccido da baki. Kin ce kin sami abin da ya fi ta sauƙi, har kina ba maƙwabta. Na ce ko sana'a ce ta karɓe ki, ko kuwa wani mutumin kirki ne ya fito, kunya ta sa kika faɗa a wurin da ruwa ya ci? In haka ne Allah ya sanya alheri, ki faɗa mini sunansa.

Tun da kin sauke mini wannan kaya, ga abin da na yi. Na kira 'yan Ƙonnin nan biyu, na nuna musu rubutunki, na ce su shaida ni da ke mun bar wa Maccido lambu kyauta, don zumunci. Ɗayansu ya tafi gida yin Sallah, na ba shi guntun takardarki ya kai masa, kada a ce ni kaɗai na yanke. Sannan na je wurin Baturen kuza na dangwala yatsa, damina uku. Da an gama nan za mu wuce Naraguta, can wurin haƙar kuzar.

Yaya, na so ganinki, Allah ya sani. Amma yanzu in na zo zan zo da abin hannu, in gyara miki danga, in yi miki sabon ɗaki. Ga turmin zane baƙi na ba baduku, da goro. Wasalam.

*

Illela, watan Cika-ciki

Zuwa ga Attahiru. Ina gaishe ka don Allah ya ce a yi gaisuwa. Lafiyata ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Wannan takardar da tawadar bagaruwa na rubuta ta, ko a gulbi ta kwana ba za ta goge ba, sai ka karanta da kyau.

Ƙasa nake nufi, Attahiru, ƙasa! Turɓaya, wadda ake ɗiba a hannu a zuba a kasko! Kai ne ka ce ba ni da tafin hannu na ƙasa da zan shuka abin miya, na ba ka amsa. Albasa nake shukawa a ruwa, cikin ƙwarya, cikin ɗaki, shi ne abin da ruwa ya wanke. Ba sana'a, ba miji. Wane miji zai zo neman gurguwa mai magana da randa? A wurin da ya goge na ce ka zo na ƙosa, na ce lambu yana jiranka. Ka ga baƙi ya shafe rabin takarda, ba ka ce bari in tambaya ba? Yaushe ka taɓa jin na kira lambun Baba da "ƙasa"? Kai ne ka koyo wannan a bakin Nasara, masu auna ta da igiya.

Kafin takardarka ta iso labari ya riga ta. Na sa Jamilatu da mijinta suka ɗora ni a jaki, rabona da fita tun kafin damina, muka tsallaka ginshiƙi muka je Ƙonni. Na faɗa wa limaminsu yadda aka yi. Maccido ya fito da guntun takardar daga aljihu. Liman ya ce, "Wanga rubutunki na?" Na ce nawa ne. Ya ce, "Karanta mu jiya." Na karanta da bakina, gaban mutane. Ko ni da na ji shi a fili na san yadda ya fita. Liman ya ce kyauta in an karɓe ta an shiga, ga shaidu, ba ta komawa. Maccido ya riga ya yi dashe. Na hango fangalin daga kan jaki, kore shar, ban ce a tsaya ba.

Lambu ya tafi, na haƙura da shi. Kai nake so. Bari in gaya maka abin da ban sani ba lokacin da nake yi maka alfahari. Albasar ruwa tana ba da ganye, ka yanka ta sake, ka yanka ta sake, amma ba ta yin kai, ba ta yin iri. Na farkon da suka rayu, na ɗaga su makon jiya, sai ɓawo, ciki ba komai. Ashe jikinta take ci tana ba ni ganye. Ni ma haka nake a gidan nan, ina gaya maka a fili tun da ba ka gane magana sai an buɗe ta.

Ka je wurin Baturen ka ce yatsan kuskure ne. Ka nuna masa wannan. Ba na son ɗaki, ba na son danga. Zanen yana nan ban taɓa ba.

*

Naraguta, watan Gani

Daga Attahiru zuwa ga yayarsa, wadda ta goye shi. Gaisuwa, in kin yarda ki karɓa. Jikina lafiya, sai sanyin wurin nan da ke shiga ƙashi.

Takardarki ta bi ni Kano ba ta same ni ba, sai nan. Na karanta, na koma bayan bukka na yi abin da ban yi ba ranar da aka binne Baba.

Na je wurin Baturen da tafinta. Na yi ta bayani, ƙasa da ƙasa, tafinta ya kasa juya masa, shi kansa dariya ta kama shi. Baturen ya ce yatsa yatsa ne. Wanda ya gudu ana aika sunansa garinsu, dogarai su zo har gida. Wani Bazazzagi ya gwada, tsohuwarsa aka tsare har ya dawo. Ba zan jawo miki wannan ba, ke da kike kan ƙafa ɗaya.

Damina uku, in da rai. Ki yafe mini. Ki riƙa rubutowa ko zagi ne, nan ba mai kiran sunana daidai. Wasalam.

*

Illela, farkon bazara

Zuwa ga ƙanena Attahiru, daga Hindatu. Na karɓi gaisuwarka, ga tawa. Ka nemi bargo ko na saƙi ne, kada sanyi ya kama maka ƙirji. Ni yanzu da sanda nake kaiwa zaure.

Na yafe. Na so in riƙe fushin ya ɗan daɗe, don yana ɗebe mini kewa, amma ya ƙi zama. Kada ka gudu. Na ga dogarai a ƙofar wasu, ba na son su a tamu.

An cire albasa a Ƙonni. Maccido ya zo da kansa da jaki, ya sauke mini kwando guda a zaure, manya manya, ja, irin na Baba. Wannan karon ya tambayi ƙafa. Ya ce, "Ga wagga, Hindatu, ki samu na miya. Bana wurin ya yi albarka." Na ce na gode, Allah ya ƙara. Ka ji, Attahiru, na yi godiya a kan albasar rijiyar Baba, har na ba shi ruwa ya sha. Da ya tafi na zaɓi masu lafiya na huda sababbin faya-fayi.

Ƙoren sun yi yawa, ɗakina ba wurin shimfiɗa tabarmar salla. Ɗakinka kuwa ƙofarsa gabas take kallo, rana tana shiga har bango. Tun ranar da ka tafi ban bar kowa ya ajiye ko tsintsiya a ciki ba, ina sa a share shi duk Juma'a, a kaɗe shimfiɗa. Jamilatu ta daɗe tana cewa a mayar da su can, ina ƙi. Jiya na ce ta naɗe shimfiɗar ta jingine gadon, muka kwashe su duka, dankali da alayyafo da albasa. Sun ji daɗin wurin, yau da safe duk sun juya suna kallon ƙofa.

Ba zan sake tambayarka rana ba. Abu ɗaya nake roƙo. In Allah ya kawo ka, ka yi mini aike tun kana Gwadabawa kafin ka ƙaraso, in sami lokacin fitar da su. Ka san ba na sauri yanzu.

Yayarka, Hindatu.